Zafi Ne Ke Cinye Kuɗin Gida: Jagorar Tattalin Wuta, Gas da Gawayi a Hunturu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, gidaje da yawa a Kano, Zariya, Funtuwa da Jos sukan lura da abu ɗaya. Katin wutar da ya saba kai wata guda sai ya koma yin sati biyu, tukunyar gas ta riƙa saurin ƙarewa, buhun gawayi kuwa kamar ana ɗiba da dare. Daga nan sai mai gida ya hau faɗa a kan ƙwan fitilar da aka bari a kunne a zaure, ko cajar wayar da yara suka manta a jikin soket. Faɗan yana da hujja, amma ba can babbar ɓarnar take ba. Cajar waya wat 5 zuwa 10 take ja. Hitar da ake jefawa a bokiti kuwa tana jan wat 1,000 zuwa 2,000. Minti goma na hita yana iya kai abin da caja za ta ci ko da ta kwana ta yini tana aiki.

Duk abin da aikinsa shi ne samar da zafi, shi ne mai cin kuɗi a gida: hita, dutsen guga, butar lantarki, rishon lantarki, murhu kowane iri. Wanda yake son ya ga sauƙi a aljihunsa, abu biyu zai koya. Kada ya samar da zafin da ya wuce bukata, wanda ya riga ya samar kuma kada ya bari iska ta tafi da shi.

Lamarin ya ƙara tsanani tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan a watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage shi ya tsaya sama kaɗan da naira 200. Sauran rukunai, daga B zuwa E, sun fi sauƙin farashi, sai dai wutarsu ba ta zama, abin da ke tura su ga janareta da gas da gawayi. Ko ta ina aka bi, kuɗin na fita.

Fara da sanin abin da kake biya

A jikin kowane kayan wuta akwai wani ɗan rubutu, yawanci a ƙasa ko a baya, da ke nuna lamba tare da harafin W. Wannan ita ce wat ɗinsa. Ka ninka ta da yawan awannin da yake aiki, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da mita za ta cire. Dutsen guga mai wat 1,000 da ya yi awa ɗaya ya ci yunit ɗaya. Fankar sama mai wat 70 sai ta yi awa goma sha huɗu kafin ta ci haka.

Mai mita ta kati yana da wata dama. Ya rubuta lambar da ke kan mita da safe bayan sallar asuba, kafin a fara ɗora ruwan wanka, ya sake dubawa bayan yara sun tafi makaranta. A gidaje da yawa, waɗannan awa biyu ko uku su ne suka fi kowane lokaci ci a yini. Wata rana kuma ya kashe komai na gidan, ya tsaya ya kalli ɗan jan hasken da ke ƙyaftawa a jikin mita. Idan yana ci gaba da ƙyaftawa, to akwai inda wuta ke zurarewa, ko waya ta lalace ko wani ya jona, sai a kira mai gyaran wuta. Wanda ba shi da mita, ana kawo masa takardar ƙiyasi, tattalinsa ba zai bayyana a takardar ba, don haka neman mita daga kamfanin yankinsa, KEDCO ne ko Kaduna Electric ko JED ko YEDC, yana cikin tattalin.

Ruwan wanka

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne kuɗin hunturu ke tafiya. Bokitin wanka mai lita 20, idan ruwan ya kwana ya yi sanyi zuwa digiri 18, yana bukatar kimanin rabin yunit kafin ya kai digiri 40, wanda shi ne ɗumin da jiki ke jin daɗinsa. Da hita mai wat 1,500, wannan aikin minti 20 ne. Amma abin da aka saba shi ne a jefa hita a tafi shara ko haɗa karin kumallo, sai an ji ruwa yana ɓararraka a dawo. Tafasa wannan bokitin yana cin kusan yunit biyu, ninki huɗu ke nan. Kuma ruwan ya yi zafin da ba a iya wanka da shi, dole a sirka, sauran ya huce a banza.

Lita 5 na tafasasshen ruwa, idan aka sirka da lita 15 na ruwan sanyi, suna ba da cikakken bokiti mai ɗumi daidai wanka. Ma'ana bokiti ɗaya da ya tafasa ya ishi mutum huɗu. Saboda haka ko dai a ɗumama bokiti na minti 20 a cire, ko a tafasa guda ɗaya a raba wa mutum huɗu a jere, kowa ya shiga da ya fito, kafin ruwan ya huce. A rufe bakin bokiti da faranti ko murfi yayin da ake ɗumamawa, domin tururin da ke tashi zafi ne da aka biya kuɗinsa. A kuma ɗora bokitin a kan katako ko kwali, kada a ajiye shi a kan siminti mai sanyi.

Hita tana da haɗarin da bai kamata a wuce shi ba. Kada a taɓa sa hannu a ruwa don jin ɗuminsa alhali tana jone. A zare ta daga soket tukuna, sannan a ciro ta daga ruwa. Mafi muhimmanci, idan aka ɗauke wuta tana cikin bokiti, a zare ta nan take. Gobarar hunturu da yawa haka take farawa: an ɗauke wuta, an manta, kowa ya fita, aka kawo wuta, ruwa ya ƙone, roba ta narke, wuta ta kama labule.

Akwai kuma zafin da ba a biya. A sami jarka mai lita 20 ko 25, baƙa ko wadda aka shafa wa baƙin fenti, wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba. A cika ta da hantsi, a kwantar da ita a kan katako a inda rana ke duka kuma iska ba ta bugawa, kamar gindin katangar da ke kallon kudu. In an lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki, ta fi saurin ɗaukar zafi. Zuwa la'asar ruwan ya isa wankan yara, sai dai ranar da hazo ya rufe rana sosai. Idan aka naɗe jarkar da tsohon bargo da la'asar, ɗumin yana kaiwa bayan magariba. Ni a ganina, mayar da wankan ƙananan yara zuwa yamma a lokacin hunturu ya fi alheri ga aljihu, ya kuma fi alheri ga yaran, da a tsaya da su tsirara a tsakar gida da sanyin safiya.

Ruwan alwalar asuba da na shayi kuwa aikin filas ne. Bayan an sauke tuwon dare, garwashi yana nan da sauran ƙarfinsa. A ɗora tukunyar ruwa a kai, in ya tafasa a juye a filas. Da asuba ba sai an kunna komai ba, a tsiyaya kaɗan a buta a sirka.

Madafa

Ruwa ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya, komai ƙarfin wutar da aka sakar masa. Da zarar girki ya tafasa, ƙarin wuta ba ya ƙara saurin nuna, sai dai ya ƙone ruwan ya sa a ƙara wani. A rage wuta zuwa inda tukunya ke tafasa a hankali, a rufe da murfin da ya zauna daidai. Wannan kaɗai yana ƙara wa tukunyar gas kwanaki.

Sauran abubuwan uwargida ta san su, matsalar dai gaggawa ce. A gama jajjage, a yanka albasa, a wanke shinkafa, sannan a kunna wuta. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri, ba sai an cika masa kanwa ba. Naman da aka ciro daga firiza a bari ya saki kafin a ɗora. Harshen wutar gas ya tsaya a gindin tukunya, in yana lasar gefe to ɗaki yake ɗumamawa. Launinsa kuma shuɗi ya kamata ya zama. Idan ya koma ja ko rawaya yana baƙanta tukunya, ƙofofin kan murhun sun toshe, a bari ya huce a tsokace su da allura. Lokaci-lokaci a shafa ruwan sabulu a jikin tiyo da mahaɗarsa, in aka ga kumfa na tashi to gas yana fita, a rufe tukunyar gas ɗin har sai an canza tiyon.

Mai girki a tsakar gida, iskar hunturu ce abokiyar gabarta. Daga arewa maso gabas take zuwa, tana kwashe zafin kafin ya taɓa tukunya. A kare murhu ta wannan ɓangaren da bulo ko guntun kwano. Amma ƙaramar tukunyar gas mai murhu a kanta, kada a kewaye ta gaba ɗaya har jikinta ya ɗauki zafi.

Murhun duwatsu uku, wanda har yanzu shi ne na yawancin ƙauyukanmu, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen kawai yake kai wa tukunya. Sauran yana bin iska. Idan aka kewaye duwatsun da laka da aka kwaɓa da ciyawa, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, aka gina bangon ya rungumi tukunya da ɗan tazara kamar faɗin yatsa, itacen da ake ci yana raguwa sosai, hayaƙi ma haka. Itace ya zama busasshe, a faskara shi ƙanana, a riƙa tura biyu ko uku maimakon a cusa dami. Ɗanyen itace yana ɓata zafinsa wajen busar da kansa. Batun hayaƙi ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a faɗin duniya a shekarar 2020, kuma mata da yaran da ke goye ko zaune kusa da murhu su suka fi shaƙarsa.

Ga masu gawayi, kurfoti mai laka a cikinsa ya fi na zallar ƙarfe riƙe zafi, kuma in yana da 'yar ƙofar iska a ƙasa, a tura ta a rage bayan girki ya tafasa. Idan an gama, a kwashe garwashin a zuba a gwangwani mai murfi a rufe. Rashin iska zai kashe shi, gobe a same shi a bushe. Kashewa da ruwa yana jiƙa shi ya sa ya yi wuyar kamawa.

Dabarar da na fi so mutane su gwada ita ce kwandon ajiye zafi, domin ba ta bukatar sayen komai. Matanmu sun riga sun san kula, sun san abinci yana daɗewa da zafi a cikinta. Abin da ba a cika lura ba shi ne, abincin da aka sauke yana tafasa, in aka hana zafinsa fita, yana ci gaba da nuna da kansa. A sami babban kwando, ko kwali mai ƙarfi, ko tsohon baho. A shimfiɗa tsohon bargo ko tsummoki a ƙasa da gefe, kaurinsu ya kai faɗin tafin hannu. Wanda yake kusa da injin casar shinkafa, ya cika ƙananan buhunan yadi da ƙaiƙayi ya ɗinke, su zama matasai, ɗaya a ƙasa, wasu a kewaye, ɗaya babba a sama. Yadin da zai taɓa tukunya ya zama na auduga, domin leda da yadin roba narkewa suke yi. Tukunya ta zama mai murfin da ke zama sosai, kuma abinci ya kai aƙalla biyu bisa uku na cikinta, saboda ɗan abinci a babbar tukunya saurin hucewa yake yi.

Shinkafa a bar ta ta tafasa minti biyar a kan wuta, a sauke ba tare da an buɗe ba, a duba gindin tukunya kada garwashi ya manne, a saka a kwando a danne da matashin sama. Bayan minti 40 ta nuna, ba ƙanzo, ba ƙonewa. A ɗan rage mata ruwa a kan yadda aka saba, tunda ba tururin da zai fita. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa minti 15 zuwa 20, sannan ya yi awa biyu zuwa uku a kwando. Nama mai tauri da ganda su tafasa kamar rabin awa, su yi awa uku. Sharaɗin ɗaya ne: kada a leƙa. Duk buɗewa ɗaya tana zubar da zafin da ba zai dawo ba. Idan abinci ya wuce awa huɗu a ciki, ko aka buɗe aka ji ya koma ɗumi-ɗumi, a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ci, domin ƙasa da digiri 60 ƙwayoyin cuta suna samun damar yaɗuwa. Tuƙin tuwo da suya ba sa yiwuwa a kwando, amma dafa-duka, farfesu, dankali, rogo da alkama duk suna yi. Murhun ƙarfe na Save80 da aka yaɗa a arewacin Najeriya tare yake zuwa da akwati mai wannan aikin, sai dai na bargo da ƙaiƙayi ma yana biyan bukata. Matar da ke fita aiki ko kasuwa tana iya tafasa wake da safe, ta dawo da azahar ta tarar ya nuna.

Ɗakin kwana

Hitar ɗaki mai wat 2,000 da ta kwana awa takwas ta ci yunit 16 a dare ɗaya. A ɗakin da ke da rufin kwano ba silin, da tagogin luba masu ɓaraka, yawancin wannan zafin fita yake yi ta sama. Ɗumama mutum ya fi ɗumama ɗaki arha nesa ba kusa ba. Riga biyu ko uku marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. A haɗa da safa da hular sanyi, musamman ga tsofaffi da yara. Wanda ke kwana a ƙasa ya sa tabarma ko kwali a ƙarƙashin katifa, domin siminti da tayil suna zuƙe ɗumin jiki daga ƙasa, inda bargo ba ya kaiwa. Gorar roba mai kauri da aka cika da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, aka ɗaure bakinta sosai aka naɗe da zane, tana ɗumama shimfiɗar tsoho kafin ya kwanta.

Ɗakin kansa a bi da shi da lokaci. Da rana a ɗaga labule a gefen da rana ke shigowa, kafin magariba a rufe tagogi a saki labule mai kauri. Ƙasan ƙofa a tare shi da naɗaɗɗen tsumma. Wannan yana rage ƙura ma.

Sai maganar kasko. Shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, ganganci ne da rai. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da garwashin ya yi ja ba ya hayaƙi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, yana iya wucewa daga barcin. In dole sai an ji ɗumi, a yi shi a rumfa ko a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga, ido biyu, a fitar da kaskon waje kafin kowa ya kwanta. Ɗakin mai jego da jariri ya fi kowane ɗaki bukatar wannan kulawar. Duk wanda aka samu da waɗannan alamu a fito da shi iska nan take a kai shi asibiti. Janareta ma irin wannan iskar yake fitarwa, don haka wurinsa waje ne, nesa da taga, ba zaure ko lungun ɗaki ba, ko da ana tsoron ɓarayi.

Sauran kayan wuta

Ƙwai goma masu wat 60, in suna yin awa shida kullum, suna cin yunit 108 a wata. Ƙwai goma na LED masu wat 9, masu haske kusan iri ɗaya, yunit 16 suke ci. Ga ɗan rukunin A, bambancin ya haura naira 18,000 a wata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, a fara canza na waje da na falo waɗanda suka fi daɗewa a kunne. Guga a tara ta a yi sau ɗaya a mako, a fara da kaya masu nauyi, a zare dutsen a ƙarasa hula da ɗankwali da sauran zafinsa.

Firji kada a sa masa abinci mai zafi, a matsar da shi daga bango da kusa da murhu, a kankare ƙanƙara in ta yi kauri. A gwada robar ƙofarsa da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zare ba wuya, robar ta saki. Cika sararin firiza da ledojin ruwa yana sa ta riƙe sanyi in an ɗauke wuta. A hunturu ma randa ta wadatar wajen ruwan sha, kuma busasshiyar iskar lokacin ita ce ta fi dacewa da tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tumatir da alayyafo suna kwanaki a ciki.

Ƙaramin janareta da wuya ya fitar da yunit biyu daga litar fetur ɗaya, don haka yunit ɗinsa ya ninka na kamfanin wuta tsada sau da yawa. A bar shi ga haske, fanka da caji. Jona masa hita ko dutsen guga ita ce hanya mafi tsada ta samun zafi a gida, ga kuma saurin kashe injin.

Wanda yake gini ko gyara, ya sa silin a gaba da tayil da fenti. Gidajen ƙasa na da, masu katanga mai kauri da rufin azara, suna shan zafin rana su sake shi a hankali da dare, shi ya sa soro ke da ɗumi a Janairu da sanyi a Afrilu. Kwano ba ya riƙe komai. Silin da aka rufe shi ruf, ba ɓaraka a gefe, yana tare ɗumin ɗaki a hunturu, yana kuma tare zafin kwano a bazara, lokacin da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ke karɓar cin katin daga hannun hita. Ɗan haya da ba shi da ikon taɓa gini yana iya neman mai gida su yi shi a cire a kuɗin haya, ko da ɗakin kwanan yara ne kaɗai za a fara da shi.